Sitaj a Lise Mai Cunkoso: Yadda Za Ka Fara Koyarwa, Mataki-Mataki

Duk shekara idan Disamba ta ƙarato, ƙannenmu da ke ENS ta Marwa, makarantar horar da malaman sakandare, masu shirin tafiya sitaj, wato koyon koyarwa a lise (makarantar sakandare), sai su fara tare ni, wani a bakin masallaci, wani ta waya. Tambayar dai ɗaya ce: "Yaya, an tura ni lise kaza, an ce yaran aji ɗaya sun haura 100, ta ina zan fara?" Maimaita amsa ya ishe ni, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne. Na yi nawa sitaj ɗin a wata lise ta bayan gari, yanzu kuma ni ake turo wa 'yan sitaj in kula da su. Bayanin nan ya shafi lise ta gwamnati mai koyarwa da Faransanci a jihohin Arewa Mai Nisa, Arewa da Adamawa na Kamaru. Zan riƙa cewa "ka", amma ƙannena mata har da ku nake, inda zancen ya keɓanta da ku kuma zan faɗa.

Ka riƙe wannan tun yanzu: ajin da aka siffanta maka a ENS daban, wanda za ka tarar daban. Na gabanka za ka shirya wa darasi.

1. Takardu, kaya da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin farawa ka haɗa takardar da aka tura ka da ita, ka yi mata fotokofi 3, domin ofis ɗaya zai karɓe ɗaya, wani ofishin ma ya ce ba a ba shi ba. Ka haɗa da katin ɗalibi. Ka nemi manhajar darasinka ta ma'aikatar ilimin sakandare, MINESEC, ka ajiye a waya, shafukan azuzuwan da za a iya ba ka kuma ka buga su a takarda, don wuta ba ta da alkawari.

Kayan aiki: farar rigar malamai, kwalin farin alli da ɗan mai launi, jan biro 2, babban littafin rubutu na shafi 200, tsumman goge allo, agogon hannu da gorar ruwa. Agogon ba ado ba ne. Idan kana ciro waya don duba lokaci, ba ka da bakin hana yaro ciro tasa. Allin kuma ka saya naka, ko da an ce makaranta na bayarwa, saboda rabon da ake yi wa malamai yakan ƙare tun kafin wata ya raba.

Ka ɗauka babu wanda zai biya ka ko dala a sitaj. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne kilando, wato mashin haya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 man zuwa-zuwa, wanda ake sayarwa a bakin hanya, ya yi tsada, a gidan mai kuma lita ta koma sefa 840 a Fabrairun 2024, kuɗin mashin sai ya bi su. Idan ana kai ka a sefa 250, zuwa da dawowa kwana 4 a mako, jaka 8 ke nan a wata. Fotokofi wajen sefa 25 ne shafi ɗaya, ka ga takarda ɗaya ga aji mai yara 110 ta kusa jaka 3. Ka ware kuma na buga rahoton ƙarshe da ɗinke shi. Idan akwai ɗan uwa kusa da makarantar, ka sauka gidansa na wannan ɗan lokaci. Mai keke ya huta.

Gargaɗi: ka je ka ga hanyar kwana ɗaya kafin ranar. Karatu na farawa 7:30, ɗan sitaj da ya makara ranar farko kuwa da wannan sunan za a san shi har ya tafi.

2. Gaisuwar ranar farko

Makaranta tana da manya, kuma ana bin su daki-daki. Ka fara da ofishin porobizar, shugaban lise. Ko da Bahaushe ne ko Bafulatani ɗan unguwarku, ka gaishe shi da Faransanci, ka kira shi da muƙaminsa. Idan shi ya juya harshe, sai ka bi shi. Daga nan sai sansar, wanda jadawalin darussa ke hannunsa, sai animatar, malamin da ke jagorantar sashenku, sannan ankadarar, wato malamin da zai riƙe ka. Kada ka bar makarantar ba ka gaida surbeyan janar ba, shi ne mai ladabtarwa, kuma ranar da aji ya rikice maka shi za ka nema. A bakin ƙofa ka tsaya ka gaida Baba maigadi da kyau. Ya san yaron da ke tsallake katanga, ya san malamin da ba ya zuwa ranar Litinin.

Abubuwa 4 za ka fita da su: jadawalin ankadarar ɗinka, takardar tsarin darussan shekara da ake kira porogiresiyo, sunayen yaran azuzuwan, da dokokin cikin gida na makarantar. Ka duba jadawalin ranar Juma'a nan take. Idan darasi ya hau kan lokacin masallaci, yau za ka yi maganar, ba ranar Juma'ar ba.

Gargaɗi: ɗakin malamai yana da ɓangarori. Za ka ji zancen lambar albashi da ba ta fito ba, da bashin da ake bin gwamnati, da yajin aikin malamai na 2022 da ake kira OTS, da wanda ke ɗasawa da porobizar da wanda ba ya yi. Ka saurara, ka yi murmushi, ka tashi. Malaman wucin gadi da ƙungiyar iyaye ta APEE ke biya kuma kada ka raina su don ba su bi ta ENS ba. Wasunsu sun shekara 10 a wannan allon.

3. Makonnin kallo

Sitaj yana farawa da kallo, sannan a ba ka wani yanki na darasi, daga baya a sakar maka ajin. Yawancin 'yan sitaj suna ɓata lokacin kallon nan, su zauna kusa da tebur ɗin malami suna rubuta abin da yake faɗa, kamar su ma ɗalibai ne. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ba darasin ka zo kalla ba, ajin ka zo kalla.

Ka je can ƙarshen aji ka zauna, inda manyan samari suke. Daga nan ka duba: ana ganin allo? Wane gefensa ne ya goge har alli ba ya kama shi? Wace taga ce ke jefo haske a kansa da hantsi? Muryar malamin tana isowa? Ka ƙirga yara nawa ke kan benci ɗaya, nawa ke ƙasa, nawa ke da littafin karatu. A wasu azuzuwan za ka ƙirga littattafan da yatsun hannu ɗaya.

Ka zana taswirar ajin a littafinka, layi-layi, ka riƙa cika sunaye kullum. Ka fara da mutum 15: masu ɗaga hannu 5, masu hayaniya 5, da 5 waɗanda ba su taɓa buɗe baki ba. Ka lura da wanda idan ya yi dariya layi guda ke bin sa. Shi ne ainihin shugaban ajin, ba wanda aka naɗa ba.

Sannan ka karɓi littattafan yara kaɗan ka duba. A nan ni na sha mamaki a nawa sitaj ɗin. Wata yarinya ce a aji sankiyam, aji na biyu a lise, littafinta tsaf, an ja layi da jan biro ƙarƙashin kowane take, rubutu kamar na inji. Na yaba mata, na ce ta karanta mini layin farko. Ta ɗora yatsa kan kalmar farko, ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ashe zana haruffan take yi kamar mai kwaikwayon zanen hula, ba ta san abin da suke cewa ba. Shekara 2 tana lise a haka, kuma ba ita kaɗai ba ce. Tun daga ranar na daina auna aji da kyan littafi.

4. Auna Faransancin ajin

Wannan matakin ba ya cikin takardun da aka ba ka, amma kada ka tsallake shi. Ka roƙi ankadarar minti 15. Ka rubuta jimla 5 masu sauƙi a allo kan abin da suka riga suka yi, da tambaya 3, su amsa a guntuwar takarda. Ka faɗa musu babu maki. Da dare ka kasa takardun kashi 3: waɗanda suka gane suka amsa, waɗanda suka kwafe jimlar da ke ɗauke da amsar, da waɗanda suka kwafe tambayar kawai. Tarin da ya fi tsayi, shi za ka riƙa tunawa duk lokacin da kake shirya darasi.

Yaran nan a gida Fulatanci suke yi, ko Tupuri, Mundang, Giziga, Mafa, Kanuri, Larabcin Shuwa, ko Hausa. Wasu sun taso daga Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga ko Logon-da-Shari saboda rikicin Boko Haram, sun yi shekaru babu makaranta a tsakani. Faransanci a aji kawai suke jin sa.

Gargaɗi: zuciya za ta raya maka ka juye Hausa ko Fulatanci don a gane. Ka yi hattara. Idan ka yi bayani da Hausa, ɗan Tupuri ya zama ɗan kallo, gobe kuma a ce Mushe, wato kai malam, na fifita nasa. Ga jarrabawa da Faransanci za su rubuta ta. Dabarar da nake bi: in rubuta kalmar mai wuya, in tambaya yaya ake ce mata a gidajenku, in karɓi amsa 3 ko 4 daga harsuna daban-daban, a yi dariya, mu koma Faransanci. Minti ɗaya ya isa.

5. Rubuta fish

Fish ita ce takardar shirin darasi, kuma a kanta za a fi yi maka hukunci. Tsarin da ake bi yanzu shi ne APC, wanda ke son darasi ya taso daga wata matsala ta rayuwar yaro. Jerin da aka saba: tuna darasin baya, faɗin amfanin na yau, gabatar da matsalar, aikin da yara za su yi, taƙaitawar da za su kwafa, ɗan gwaji, wasan harshe biyu inda ake ba da manyan kalmomin darasin da Ingilishi, sai aikin gida. Kowane sashe ka rubuta minti nawa zai ci.

A nan ake faɗuwa. A takarda kana da kusan awa guda. A zahiri, kafin malamin da ya gabace ka ya fita, a goge allo, masu zuwa shan ruwa su dawo, a yi shiru, minti 10 sun tafi. Kwafar taƙaitawa za ta ci wasu 15. Ka shirya darasin minti 40, har da kwafar, mai ɗauke da abu ɗaya da kake son kowa ya fita da shi. Taƙaitawa kada ta wuce layi 8 a ƙananan azuzuwa, jimloli gajeru.

Ga misali. Darasi ne kan zaizayar ƙasa. Ɗan sitaj ɗina ya zo da fish mai shafi 4, ya fara da ma'anar da ya kwaso daga littafin jami'a. Na ce ya ajiye. Muka fara da kogin Mayo Kaliyawo da ke ratsa Marwa: da rani yashi ne, yara na buga ƙwallo a ciki, mata na tona rami suna ɗiban ruwa, a Agusta kuma ya cika ya riƙa cin gaɓa. Matsalar ta zama haka: wani magidanci yana da gida a bakin mayo, kowace damina katangarsa na ƙara matsowa kusa da ruwa, me ke faruwa, me za ku ba shi shawara? Ya shigo da tire biyu, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasa mai ciyawa, ya karkata su, ya zuba ruwan gora. Na farkon ya zubar da jan ruwa, na biyun kusan fari. Har 'yan bayan aji suka miƙe tsaye suna leƙe. Kalmar Faransancin sai a ƙarshe ya rubuta ta, kuma ta zauna. Kuɗin kayan aikin duka bai kai sefa 100 ba.

Ka kai wa ankadarar fish ɗinka kwana 2 kafin darasin, ba da safiyar ranar ba. Idan ya gyara, ka sake rubutawa, ka ajiye tsohuwar da jan bironsa a jiki, za ta yi maka amfani a rahoto.

Gargaɗi: fish ɗin da ke yawo a WhatsApp yawancinsu daga kudu aka rubuto su. Misalansu gonar koko ne, da kurmi, da kogin Wuri. Yaron Yagwa ko Gidar bai taɓa ganinsu ba. Ka ɗauki ƙashin, ka sa naka naman: auduga, albasa, masakwa, shanu, kogin Binuwai.

6. Darasinka na farko

Ka iso bakin ajin kafin lokaci. Ka shiga, ka ajiye jaka, ka tsaya a tsakiyar gaba kana kallonsu, kada ka ce uffan sai an yi shiru. Zai ɗauki minti ɗaya ko biyu, za ka ji kamar shekara, ƙafarka ma za ta iya rawa. Ka daure. Idan ka fara magana cikin hayaniya yau, cikin hayaniya za ka ƙare sitaj.

Ka faɗi sunanka, ka rubuta shi. Kada ka ce "ni ɗan koyo ne, ku yi haƙuri da ni". Sun riga sun sani, ba sai ka miƙa musu sanda ba. Ka ba da doka 3 kacal waɗanda za ka iya tsarewa: mai magana ya ɗaga hannu, ba a fita sai da izini, kowa da littafinsa a buɗe. Doka 10 da ba ka bi ta kansu sun fi rashin doka muni.

Allo ka raba shi 3 da alli. Hagu: kwanan wata, take da jerin sassan darasi, ba a gogewa. Tsakiya: taƙaitawa. Dama: sababbin kalmomi da zane, a goge a sake. Ka yi manyan haruffa, ka taka zuwa baya ka duba da idonka. Kana rubutu kana ɗan karkace, jimla ɗaya ka waiwayo. Mai ba aji ƙeya minti 3 shi ake jifa da guntun alli.

Kiran suna: mutum 110 ɗaya bayan ɗaya zai cinye maka kwatan awa. Ka bari sai suna kwafar taƙaitawa, shugaban aji ya kawo maka sunayen waɗanda ba su zo ba, kai kuma ka ƙirga kawuna layi-layi ka gwada. Idan lissafi bai yi daidai ba, ka kira sunayen layin da ake da shakka. Sau biyu za ka kama shugaban ajin yana rufa wa abokansa asiri, ba zai ƙara ba.

Kada ka tsaya wuri ɗaya. Ka ratsa tsakanin benci ko da da ƙyar ne, ka yi tambaya daga baya, ka kira yara da sunansu. Ka yi tambayar tukuna, ka ɗan jira, sannan ka ambaci suna, don kowa ya zauna cikin shiri. Amsar taron "Wi Mushe" idan ka ce an gane, ba amsa ba ce.

Gargaɗi: murya jari ce. Sitaj yakan faɗo cikin hunturu, ga ƙurar iska ga ta alli. Wanda ya yi ihu mako guda, mako na biyu da raɗa zai koyar. Ka riƙa kurɓar ruwa, idan hayaniya ta tashi ka sassauta murya ko ka yi shiru, ka ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya.

7. Horo ba da bulala ba

Za ka ga wasu na yawo da guntun tiyo. Kai kada ka taɓa. Doka mai lamba 98/004 ta 14 ga Afrilu 1998, a sashe na 35, ta haramta dukan ɗalibi. Tsohon malami yana da masu tsaya masa idan magana ta tashi, kai ba ka da kowa, kuma takardar kammala karatunka ce a kan faifai.

Ka bi hawa-hawa. Kallo tukuna. Sai ka matsa ka tsaya kusa da bencinsa kana ci gaba da darasi. Sai kiran suna sau ɗaya. Sai sauya masa wurin zama. Sai magana bayan darasi, a fili, a bakin aji. Idan duk ba su yi ba, ka rubuta abin da ya faru, da rana da lokaci, ka kai wa ankadarar da surbeyan. Kada ka kori yaro waje haka kawai, ka tura shi ofishin surbeyan tare da shugaban aji da 'yar takarda, don idan ya fita gari wani abu ya same shi a lokacin darasinka, kai za a tambaya.

Manyan samarin baya, masu maimaita aji, wasunsu ba ka girme su da shekara 3 ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a kunyata su gaban 'yan mata da ƙanana. Ka ba su aiki: goge allo, raba takardu, riƙe taswira. Wanda ya fi ba ni wahala a nawa sitaj ɗin, da na ja shi gefe, ashe kilando yake yi har tsakar dare don ya biya kuɗin makaranta, barcin da yake yi a aji ba raini ba ne. Muka yi yarjejeniya: ya zauna gaba, idan barci ya zo ya miƙe ya tsaya jikin bango ba tare da ya tambaye ni ba.

Gargaɗi: idan ka ga yaro ido ya yi ja, magana na jan baki, fushi ba dalili, mai yiwuwa ƙwayar taramol ce. Kada ka tare masa ƙofa, kada ka kama rigarsa, kada ka sa hannu a aljihunsa ko jakarsa don ƙwace waya. Ka aika a kira surbeyan. A Janairun 2020 ɗalibi ya daɓa wa wani matashin malamin lissafi wuƙa a cikin aji a Yawunde, ya rasu. Ba tsoro nake ba ka ba, ƙanena, iyakar aikinka nake nuna maka.

Gargaɗi na biyu: tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Ba ka karɓar lambar ɗaliba, ba ka ba ta taka, ba ka ganin ta a aji ku biyu, ba ka ɗaukar ta a mashin, ba ka aiken ta gidanka. Ƙanwata, ke kuma samarin za su gwada ki da kalaman banza ko fito idan kin juya. Ranar farko da aka yi, ki tsayar da darasi ki kai rahoto a rubuce. Idan matsin daga wani malami ne, ko mai ba ki maki, ki ajiye saƙonnin, ki sanar da malamin ENS da ke bibiyar sitaj ɗinku.

8. Kaye da tekis, gwaji da maki

Kowane aji yana da babban littafin da malamai ke rubuta abin da suka koyar, kaye da tekis. Ka cika shi kafin ka bar ajin: rana, lokaci, take, sassan darasi, aikin gida, sa hannu. Darasin da ba ya ciki, a wurin sansar da sufeto ba a yi shi ba. Kada kuma ka rubuta wanda ba ka yi ba don a ce kana tafiya daidai da porogiresiyo. Littafin yaro ɗaya zai tona ka.

Idan an ce ka shirya gwaji, ka rubuta amsoshi da rabon maki a kan 20 tun kafin ranar, ankadarar ya gani. Ka sa tambayoyin farko masu sauƙi yadda mai rauni ma zai samu abin kamawa. A aji mai mutum 4 kan benci ɗaya, ka yi tambayoyi kala biyu, a raba a tsallake. Ka ƙirga takardun a gabansu kafin ka fita, ka rubuta adadin a allo, in ba haka ba wanda bai rubuta ba zai rantse kai ka ɓatar da tasa. Wajen gyara, ka bi tambaya ɗaya a duk takardun sannan ka koma ta biyu, ya fi sauri kuma ya fi adalci. Takarda 25 a zama ɗaya ta isa. Makin ka kwafe a littafinka kafin ka mayar musu.

Akwai ranar da za ka shiga ka tarar rabin aji babu. An kore su ne kan kuɗi. Kuɗin gwamnati sefa 7,500 ne daga sizyam zuwa turwaziyam, wato azuzuwa 4 na farko, 10,000 daga sagwand zuwa tarminal, azuzuwa 3 na ƙarshe, ga na APEE a kai. Ranar kada ka fara sabon babi, ka yi bita.

Gargaɗi: kaza, buhun gyada, ko "kuɗin mai" daga uban yaro ana gab da ba da maki, ka yi godiya ka mayar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

9. Kwanakin da za a cinye maka

Ka ɗauki kalanda ka soke su tun yanzu. Makon harshe biyu a farkon Fabrairu, makon matasa da atisayen fareti har zuwa 11 ga Fabrairu, ranar mata 8 ga Maris, wasannin makarantu. Laraba ana tashi da wuri. A Marwa Litinin ranar babbar kasuwa ce, a ƙauye ma kowace ranar kasuwa aji na raguwa, haka lokacin girbin masakwa. Daga Maris zafi na haura digiri 40, aji mai rufin kwano da rana tsaka tanda ne, a shekarun nan kuma azumi na faɗowa cikin wannan zangon. Sabon abu mai wuya ka kai shi darasin safe, na rana ka bar wa atisaye. Idan an ba ka ajin jarrabawa, masu BEPC, Porobatuwar ko Bak, ka bi porogiresiyon ankadarar sau da ƙafa, ba wurin gwaje-gwajenka ba ne.

10. Ranar sufeto da rahoto

A ƙarshe za ka koyar gaban masu dubawa, galibi sufeton darasin daga ofishin jiha, da ankadarar, wani lokaci da malamin ENS. Idan an ba ka zaɓi, ɗauki ajin da ka fi sanin sunayen yaransa, ba wanda ya fi ƙoƙari ba. Ka buga fish ɗin, kowane mai dubawa da tasa. Ka tanadi kujerunsu a baya tun da safe, ka sa a wanke allo da ruwa, ka tabbata kaye da tekis na ajin yana nan a cike.

Gargaɗi: kada ka koyar da darasin a ɓoye kwana ɗaya kafin ranar. Yaran za su ba da amsa kafin ka gama tambaya, wani ma ya ce "Mushe, ai jiya mun yi". Sufeto ya ga irin wannan sau ba adadi. Ya fi son ya ga yaro ya yi kuskure, ka bi da shi har ya gyara. Ka tsare lokaci, don wanda ƙararrawa ta kama bai kai ga gwaji da cika kaye da tekis ba ya zubar da maki a banza. Wajen sharhi bayan darasi za a fara tambayarka ra'ayinka. Ka faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da biyu da za ka gyara, sannan ka rubuta nasu ba tare da gardama ba.

Rahoton sitaj kuma kada ka bar shi sai makon ƙarshe. Kowane dare ka rubuta layi 5: ajin da ka shiga, yara nawa, me ya tafi daidai, me ya lalace. Adadin ɗalibai, malamai da azuzuwa ka karɓo daga ofishin sansar tun tsakiyar sitaj, domin a ƙarshen zango kowa na fama da katin sakamako, ba mai sauraronka. Wajen bayyana matsalolin makarantar ka faɗi abin da ka ƙirga, benci nawa, littafi nawa, kada ka ambaci sunan malami da laifi. Kafin ka tafi ka miƙa duk makin da ke hannunka, ka mayar da littafin da ka ara, ka karɓi takardar shaidar kammalawa da sa hannun porobizar da hatimi a jiki. Ka yi mata fotokofi 2 a ranar, ka ɗauki hotonta a waya, sannan ka kai ta ENS.